Kwalin Faifan CD: Yadda Ake Ƙera Shi, Aikin da Ya Yi, da Abin da Wayarka Ta Gada Daga Gare Shi



Kwanakin baya Kawuna ya kira ni shagonsa da ke Magama, dab da shingen kan iyakarmu ta Jibiya, ya ce in zo in duba masa wani kaya kafin ya zubar. Yanzu caja da iyafis da gilashin waya yake sayarwa, amma a da sana'arsa kaset ce da faifan CD. Ya jawo wani tsohon katan daga ƙarƙashin benci ya ce, "Kai da ka san kwamfuta, duba min ko akwai na amfani a nan. In babu sai yara su yi wasa da su."

Da na zazzage katan ɗin sai kayan suka rabu gida biyu. Akwai faya-fayan da ke cikin kwalinsu, akwai waɗanda suke tsirara. Masu kwali ko ban saka su a na'ura ba na san mawaƙin, na san sunan kundin, na ga jerin waƙoƙin, wasu har da sunan situdiyon da aka yi aikin. Na tsirarar kuwa rubutun maka da aka yi a kansu ya goge. Muka saka ɗaya a kwamfutata, murya ta tashi mai daɗin gaske. Kawu ya yi shiru yana saurare, can ya ce, "Wallahi na san muryar nan, ɗan Maraɗi ne. Amma sunan ya ɓace min."

Kafin ka ci gaba da karatu, buɗe manhajar jin waƙa ta wayarka ka ƙirga fayil nawa ne ke ɗauke da suna irin AUD-20210914-WA0007 ko Track 01, ba hoto, ba sunan mawaƙi. Waɗannan su ne faya-fayan tsirara na zamaninmu. A yau za mu duba yadda ake tsara kwalin CD, ayyukan da yake yi, da yadda za ka mayar wa waƙoƙin wayarka kwalinsu.

Me ya sa faifai ke buƙatar riga?

Kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da faifan CD kasuwa a 1982. Faɗinsa santimita 12, kaurinsa milimita 1.2, kuma yana ɗaukar sauti na minti 74 zuwa 80. Kusan duk kaurin nan wata roba ce garai-garai da ake kira polikabonet. A saman robar ake dannan wasu ƙananan ramuka da ido ba ya gani, su ne waƙar. Sai a shafa musu alminiyom siriri don ya mayar da hasken lesa, a rufe da wani fenti mai kariya wanda bai kai kaurin gashin kai ba, sannan a buga hoto ko suna a kai.

Abin lura a nan shi ne, fuskar da muke ta lallaɓawa, wato mai ƙyalli, ita ce mai kauri. Fuskar da ke da hoton mawaƙi ita ce mai rauni, domin waƙar tana kwance ne dab da ita. Karce a ƙasa sau da yawa na'ura tana iya haƙuri da shi, amma karce mai zurfi a sama yana kankare alminiyom ɗin ne gaba ɗaya. Ɗaga tsohon faifai ka kalli fitila ta cikinsa. In ka ga haske na ɓullowa ta wasu ɗigo-ɗigo, to waƙar da ke wurin ta tafi. Faifan DVD ya fi sa'a, don nasa bayanan a tsakiya suke, tsakanin roba biyu.

Ramukan nan a jere suke bisa layi ɗaya da ya nannaɗe daga tsakiyar faifai zuwa bakinsa, kuma tsawon layin ya haura kilomita 5. An saka wa CD wani lissafi na gyaran kuskure da ke iya cike giɓin da ya kai wajen milimita 2.5 a kan layin. Shi ya sa karcen da ya tsallaka daga tsakiya zuwa baki bai cika yin illa ba, amma wanda ya bi zagayen faifai yakan sa waƙa ta riƙa tsalle. Ke nan duk rigar da za a yi wa faifai sai ta kare shi daga karce, da ƙura, da hasken rana.

Akwatin roba da ire-iren kwali

Rigar farko da aka yi wa CD ita ce akwatin roba mai haske, wanda Peter Doodson na kamfanin Philips ya tsara. Girmansa milimita 142 a 125, kaurinsa wajen milimita 10. Dabararsa tana tsakiya, inda wasu haƙora ke riƙe faifan ta raminsa, ya zauna a sama ba tare da fuskarsa ta taɓa komai ba. Matsalarsa kuwa duk wanda ya taɓa riƙe shi ya sani: kunnuwan murfin da haƙoran nan saurin karyewa gare su, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta tsaga shi.

Na kwali kuma iri-iri ne:

- Aljihu: falle ɗaya na kwali da aka naɗe aka manne gefe biyu, wajen santimita 12.5 ta kowane ɓangare. Shi ne mafi arha.
- Mai buɗewa kamar littafi: yana da fuska huɗu ko shida, faifan yana shiga wani aljihu ko tsaga a ciki. Yana ba da wurin rubuta baitoci da godiya da hotuna.
- Digipak: kwali ne a waje, amma an manna farantin roba mai haƙora a ciki. Wani kamfanin Amurka mai suna AGI ne ya fito da shi a shekarun 1980. Ya haɗa kyan kwali da riƙon akwatin roba, sai dai in haƙoran suka karye ba a iya sauya farantin.
- Kwali a leda: wannan shi muka fi sani a kasuwanninmu. Kwali mara kauri mai hoto, faifai a ciki, sai a zura duka a leda mai haske mai gam a baki.

Akwai wani kuma da aka yi yayinsa a Amurka, dogon kwali mai inci 12 a 6 da ake saka akwatin roba a ciki. An yi shi ne don CD ya zauna daidai a kantocin da aka ƙera domin manyan faya-fayan garmaho, kuma don ya yi wa ɓarawo wuyar sakawa a aljihu. Mai saye yana isa gida yake yaga shi ya jefar, mutane suka yi ta ƙorafin ɓarnar takarda, har aka daina shi a 1993.

Dalilin da kwali ya yi nasara a hanyar Jibiya

Waƙoƙi da fina-finan Hausa daga Kano suke fitowa, su biyo Katsina, su zo Jibiya, su tsallaka Magama zuwa Ɗan Isa, su shiga Maraɗi, daga can su bazu cikin Nijar. Duk wanda ya san yadda ake lodi a wannan hanya ya san kaya mai saurin fashewa ba ya jin daɗi. Ana ɗora buhu a kan katan, a ɗaure da igiya, wani lokaci ma a bayan babur za a ƙarasa da shi.

Mu yi lissafi. Katan mai tsawon santimita 50 zai ɗauki akwatin roba 50 a layi ɗaya. In kwalin aljihu ne da faifansa, a ce kaurinsu milimita 2, layin nan zai ɗauki 250. Ninki biyar ke nan a kuɗin mota ɗaya. Ga shi kwali lanƙwasa yake yi ya miƙe, akwatin roba kuwa in ya tsage mai saye ba zai karɓa ba ko da faifan lafiyarsa lau. Sannan kwali kowace maɗaba'a mai injin launi tana iya buga shi.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Yawancin faya-fayan da ake kwafa a shago irin CD-R ne, wanda ake ƙonawa a kwamfuta. Shi ba ramuka ake danna masa ba, wani rini ne a cikinsa da hasken lesa ke ƙonawa, kuma rana tana lalata wannan rinin. Faifan da aka baje a tebur cikin leda zalla a ranar kasuwa yana shan ranar bazara kai tsaye, wanda ke cikin kwali kuwa yana inuwa.

Amma kwali yana da nasa aibin. Idan ƙurar hunturu ta shiga aljihun, duk zarowa da mayarwa kamar goga faifan ne a kan yashi. Da damina yana shan danshi ya kumbura, ga gara da kyankyasai. Mutanen Japan, da suka ƙware wajen yin ƙananan kwalaye masu kama da na garmaho, sukan saka faifan a wata leda mai laushi tukuna kafin ya shiga kwali, saboda wannan matsala ta karce.

Yadda ake ƙera shi

Ana auna kaurin takarda da nauyin murabba'in mita ɗaya. Takardar fotokwafi giram 80 ce. Kwalin CD mai kyau yakan kama daga giram 250 zuwa 350. Ƙasa da haka ba ya tsayuwa, sama da haka yana wuyar naɗewa.

Injin maɗaba'a da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Allon wayarka kuwa da haske uku yake haɗa launi: ja, kore da shuɗi. Wannan ne ya sa hoton da ke walƙiya a waya yakan fito a dushe a takarda. Haka nan tawadar rawaya da ta ja sun fi saurin kodewa a rana, shi ya sa tsofaffin fastocin fim da ke jikin shaguna duk suke komawa shuɗi-shuɗi.

Hoton da za a buga yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci. A kwali mai santimita 12.5, hoton ya kai ɗigo kusan 1500 ta kowane gefe ke nan. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, sau da yawa ba ya kai wa. Mai zane kuma yakan bar rarar milimita 3 a gefuna, don in wuƙar yanka ta ɗan kauce kada farin layi ya fito.

Bayan bugu sai a manna leda siririya a kai, mai sheƙi ko mara sheƙi, don kare tawada daga gumin hannu da ruwa. Daga nan sai injin yanka, wanda ke da wuƙa mai siffar kwalin gaba ɗaya. Wuƙar tana da baki biyu: mai kaifi da ke yankewa, da mai dakushi da ke danna layin da za a naɗe. In aka naɗe kwali mai kauri ba a danna masa layi ba, tawadar wurin tsagewa take yi, ka ga fari ya fito a lanƙwasar. Wannan yana cikin alamomin aikin gaggawa.

Abin da ke rubuce a jiki

Fuskar gaba aikinta ta tsayar da mai wucewa. Duba kwalayen mawaƙan Hausa za ka ga fuskar mawaƙi ce ta cika wurin, sunansa da manyan baƙaƙe. Wannan ba rashin iya zane ba ne. A kasuwar kan iyaka akwai wanda ya yi boko da Turanci, akwai wanda ya yi da Faransanci, akwai wanda allo kaɗai ya yi. Fuskar Nura M Inuwa ko ta Fati Nijar kuwa kowa yana iya karanta ta daga nesa. Mu masu haɗa manhaja wannan darasin muke bi idan muna zaɓar tambarin da za a taɓa a allon waya: a gane shi kafin a karanta shi.

Fuskar baya ta bayani ce: jerin waƙoƙi bisa lamba, situdiyo, makaɗin fiyano, 'yan amshi, dillali, wani lokaci da shekara. Kayan da aka yi wa rajista don manyan kantuna suna da lambar zane-zane da na'ura ke karantawa, kuma wadda aka yi wa rajista a Najeriya da 615 take farawa.

A jikin faifan kansa akwai wata shaida. Wanda aka buga a masana'anta ƙasansa fari ne kamar azurfa, kuma in ka duba zoben tsakiya da kyau sau da yawa za ka ga haruffan IFPI da wasu lambobi a gaba. Tun 1994 aka fito da wannan tsari don a gane masana'antar da ta buga faifai. Wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, har kana iya ganin iyakar inda ƙunar ta tsaya.

Kwali a matsayin lasisi

Bahaushe ya daɗe da sanin kwali shaida ne. In aka ce wane ya samu kwali, ai an san takardar kammala karatu ake nufi. A kasuwar fim da waƙa ma haka abin ya kasance, kuma a ganina wannan ne aiki mafi girma da kwali ya yi.

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara ne da Turmin Danya a 1990, kasuwar kuma ta kafu a Ƙofar Wambai a Kano. Wani manazarci mai suna Brian Larkin, wanda ya yi bincike a kasuwar, ya bayyana yadda cinikin yake a zamanin kaset. Furodusa zai gama fim ɗinsa, ya je maɗaba'a ya buga kwalaye. Sai ya ba dillali uwar kaset, ya sayar masa da kwalayen. Dillali ne zai sayi kaset ɗin da babu komai a ciki, ya kwafa da injinansa, ya saka a kwali ya sayar. Wato kuɗin furodusa a kan kwali ake ƙirga shi. Kaset na dillali ne, kwali na mai fim.

Me ya sa tsarin ya yi aiki? Saboda kwafar kaset ko faifai abu ne mai sauƙi, duk mai na'ura zai iya. Buga kwali mai launi mai kyau kuwa sai da injin maɗaba'a da farantan bugu, kuma ba ya yin arha sai an buga da yawa. Na jabu da aka ɗauka daga wani kwalin yakan fito dishi-dishi, ƙananan rubutu su cakuɗe. Sai aka rataya haƙƙin mai aiki a kan abin da ke da wuyar kwafa. Da aka koma CD ma, kwali ne ya ci gaba da raba na asali da na kwafi a idon mai saye.

Duk mai hulɗa da kwamfuta ya san irin wannan. Fayil ɗin girka manhaja kowa yana iya tura wa abokinsa, lambar lasisi ita ake saye. Katin waya ma ɗan kwali ne da bai kai komai ba, lambar da ke ƙarƙashin azurfar ce kuɗi. Haka tsarin da hukumar NAFDAC ta fara a 2010, inda kake kankare kwalin magani ka tura lambar ta saƙon tes don ka tabbatar ba jabu ba ne.

Da waƙa ta tuɓe rigarta

Sai memori ya zo, da Bluetooth, daga baya Xender. Mai saye ya daina tambayar faifai, sai ya miƙa wa 'yan dawunlodin wayarsa a cika masa. Ta wani fannin ci gaba ne babba. An rufe iyakar nan a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Katan ɗin faifai yana buƙatar hanya a buɗe, amma waƙar da ke cikin waya ba ta tsaya a shinge ba ko sau ɗaya.

Sai dai ta tsallaka ne tsirara. Babu kwalin da za a ƙirga a biya mawaƙi, kuma sau da yawa ko sunansa ba ya tafiya tare da ita.

Labarin Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Abzinawan Nijar, ya isa misali. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da irin gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin fina-finan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙi daga memorin mutane a garin Kidal. Da ya so fitar da su a kamfaninsa na Sahel Sounds, sai da ya sha wahalar neman masu su, domin fayilolin ba su ɗauke da cikakken bayani. A 2011 kundin Music from Saharan Cellphones ya fito a faifan garmaho, cikin kwali, da sunayen mawaƙan a jiki. Daga nan duniya ta san Mdou Moctar, yau yana zagaya Turai da Amurka yana wasa. A 2013 kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin fina-finan Hausa, shi ma a cikin kwali. Shi an dace an gano shi. Mawaƙa nawa ne muryarsu ke yawo a wayoyinmu ba wanda ya san inda zai neme su?

Mu a Jibiya mun ga wani ɓangaren abin a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da tamu. Tsawon watanni YouTube da Audiomack ba su da amfani a nan. Abin da ke cikin memorinka shi ne naka. A lokacin ne na lura fiye da rabin abin da na tara ba shi da suna, neman waƙa ɗaya sai na buɗe goma.

Kwalin da ke cikin fayil

Fayil ɗin MP3 yana da wurin ajiye kwalinsa a cikinsa, ana kiran wurin ID3. Na farkon da aka yi a 1996 ƙarami ne, harafi 30 kacal yake ba sunan waƙa. Na biyu da ya zo a 1998 ya faɗaɗa, har hoto yana ɗauka. Sunan waƙa, mawaƙi, kundi, shekara, lambar waƙa, hoton gaba: duk abin da ke jikin kwalin CD yana da gurbinsa. Manhajar wayarka daga nan take karanto abin da take nuna maka, ba daga sunan fayil ba. In gurbin ya zama fanko sai ta rubuta Unknown artist.

Ko ka taɓa tambayar kanka me ya sa hoton waƙa a Spotify da Boomplay da Audiomack yake da kusurwa huɗu daidai wa daida, alhali allon waya dogo ne? Gadon kwali ne. Faifai zagayayye ne, rigar da ta dace da shi ita ce mai tsawo da faɗi ɗaya. Haka aka yi wa garmaho, haka aka yi wa CD, kuma har yau masu ɗora waƙa a intanet hoto mai ɗigo 3000 a 3000 suke nema.

Yadda za ka ceto tsofaffin faya-fayan gidanku

1. Fara da kwalin. Shimfiɗa shi a inuwa, ka kashe filashin kyamara, ka ɗauki gaba da baya a miƙe. In ledar jikinsa tana ƙyalli, manhajar PhotoScan ta Google tana cire ƙyallin.
2. Goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Kada ka goge a zagaye, ka tuna da layin nan. In datti ya kama, ruwa da ɗan sabulu mara ƙarfi sun isa, a bar shi ya bushe a inuwa. Ban da fetur ko kananzir.
3. Yawancin kwamfutocin yanzu ba su da wurin saka faifai, sai ka nemi na waje mai haɗawa ta USB.
4. Duba irin faifan. In ka ga fayilolin MP3 a ciki, kwafa kawai za ka yi. In ka ga masu ƙarewa da .cda, kwafarsu ba ta da amfani don alama ce kawai, sai ka yi amfani da manhaja irin Exact Audio Copy ko fre:ac ta tatso sautin. In VCD ne, bidiyon yana cikin foldar MPEGAV da sunan .DAT, kuma VLC tana buɗe shi.
5. Ajiye na asali a tsarin FLAC, wanda ba ya rage ingancin sauti, sannan ka yi MP3 domin waya.
6. Buɗe Mp3tag a kwamfuta, ko wata manhajar gyaran bayanan waƙa a Android, ka cike gurabun daga abin da ke jikin kwali, ka saka hoton da ka ɗauka. Abin da ba ka tabbatar ba ka bar shi fanko. Sunan ƙarya ya fi rashin suna illa, don shi ma yawo zai yi.
7. Ajiye kwafi a wuri biyu. Memori yana mutuwa ba sallama.
8. Mayar da faifan kwalinsa, ka jera su a tsaye, nesa da rana da danshi.

Idan za ka tura wa wani waƙa ta WhatsApp, tura ta a matsayin takarda don ta isa da sunan fayil ɗinta. Kuma a kiyaye: ceto waƙa don adanawa daban, ɗora ta a tasharka ta YouTube kana karɓar kuɗi daban. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet, ga kuma haƙƙin mutum da ke kanka.

Mawaƙa masu tasowa kuma, kada fayil ya bar situdiyo sai an cike bayanansa, da sunanka, da shekara, da hoto, da hanyar da za a same ka. Aikin minti biyu ne. Masu tallar shafuka da ke goge sunan mawaƙi su cusa nasu a gurbin, su sani kwalin wani suke yagewa.

Ni da Kawu mun kwashe yamma uku muna wannan aiki. Yawancin masu kwali sun karantu, yanzu suna cikin wayarsa da hotunansu da sunayensu. Na tsirarar da yawa sun riga sun mutu. Muryar ɗan Maraɗin nan tana cikin waɗanda suka tsira, na saka ta a wata folda da na raɗa wa suna "Ba a gano ba". Kawu ya ce in bar masa ita a sama-sama. Duk direban da ya tsallako daga Maraɗi ya tsaya sayen caja, sai ya kunna masa ya ce, "Malam, don Allah saurari nan, ko ka san mai waƙar?"

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.